Katin riga-kafin bogi da sauran gangancin da muke yi wa aikin Hajji

Duk shekara idan aka fara hada-hadar tafiya Hajji, maganar da zaka fi ji a bakin mutane ita ce kuɗin kujera ya tashi, dala ta yi kaza, guzuri nawa za a bayar, yaushe jirgin jiharmu zai tashi, waye ya samu kujerar gwamnati waye aka yi wa ƙafar ungulu. Maganar lafiya kuwa sai dai a taɓa ta sama-sama ranar bita, likita ya zo yana ta bayani rabin jama'a na gwada yunifom rabi na amsa waya. Ni kuma wallahi wannan ɓangaren ne yake hana ni sukuni, balle bana da nake da tsofaffi cikin maniyyata.

Kwanaki wani dattijo a unguwarmu yake nuna min takardunsa cikin murna, ya zaro katin riga-kafi an buga masa hatimi tsaf. Na ce Baba ina aka yi maka allurar, hannun bai kumbura ba? Sai ya yi dariya ya ce "ɗan nan wace allura kuma, ai wani yaro ne ya cike min, ɗan na goro kawai na ba shi, ni jikina baya son allura." Kuma fa shi a ganinsa dabara ya yi. Toh dan Allah mu tsaya mu duba daga ina wannan katin ya samo asali tukunna.

A Hajjin 1987 sanƙarau ya ɓarke tsakanin alhazai a Makka. Ita ƙwayar cutar sanƙarau halinta shi ne tana iya zama a maƙogwaron mutum lafiyayye garau, baya jin komai, kusan mutum 1 cikin 10 yana yawo da ita, sai ya yi tari ko atishawa ko ku kwana tanti ɗaya numfashinku na haɗuwa ya ba ka, kai kuma in jikinka bai da kariya cikin 'yan kwanaki wuya ya sanƙare. Alhazan wannan shekarar suka watse zuwa ƙasashensu da ita a wuya ba tare da sun sani ba. A 1988 ta tashi a Chadi da Sudan, ta ci gaba da tafiya a hankali, kuma masu binciken ƙwayoyin cuta da suka bi diddigi sun gano dangin wannan ƙwayar ce ta yi mana ɓarnar 1996, wadda duk wanda ya yi wayo a Kano ko Katsina ko Bauchi a lokacin bazai manta ba. Sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, yawanci yara. A wannan shekarar ta 1996 Saudiyya ta dakatar da alhazan Najeriya, mutane sun biya kuɗi sun yi sallama da dangi amma ba tafiya.

Bayan 1987 ne Saudiyya ta wajabta allurar sanƙarau. Sai kuma a 2000 da 2001 wani nau'in daban ya ɓullo a Hajji, wanda ake kira W135, allurar da ake yi a lokacin bata maganinsa, ya bi alhazai har Ingila da Faransa, a 2002 kuma ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso. Daga nan aka koma allurar da take haɗe nau'i huɗu, A da C da W da Y, kuma dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin ka sauka sabida jiki yana buƙatar lokaci kafin ya haɗa garkuwa. Wannan ita ce allurar da Baba ya ba yaro na goro dan ya tsallake. Kuma mu fa a tsakiyar yankin sanƙarau muke, wanda ya taso daga Senegal har Habasha, lokacin zafi da ƙura shi ne kakarsa, kenan mu ne aka fi tsoron mu kai kuma mu ne zamu fi jin jiki in an dawo da ita.

Haka maganar ɗigon shan inna da ake ɗiga wa alhaji a baki a filin jirgin Jidda ko Madina, gemu-gemu da kai a ce buɗe baki. Na san mutane da yawa suna jin haushin abun, suna ganin raini ne. Amma a 2003 mu ne muka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohin arewa, Kano ta kai kusan shekara bata yi ba, cutar ta tsallaka ƙasashe har ta kai Sudan da Yaman da Indonesiya da ita kanta Saudiyyar. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da asalin cutar. Babba zai iya ɗaukar ƙwayar a cikinsa ba tare da ta shanye masa ƙafa ba, shi ya sa ba ruwansu da shekarunka.

Kuma ba yau aka fara ba. Zamanin da kakanninmu ke tafiya a ƙasa ta Borno da Chadi da Sudan su tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin, kwalara ce dodon Hajji. A 1865 ta kashe alhazai wajen 15,000 sannan ta bi jiragen ruwa zuwa Masar ta shiga Turai, abun da ya sa aka kafa wuraren killace alhazai a tsibirin Kamaran da kuma garin El Tor a Sina'i, a ajiye mutum kwanaki ana duba shi kafin a bar shi ya wuce. Yanzu kwalara ta daina zama babbar barazana a Hajji, kuma ba wani sihiri aka yi ba, ruwa mai tsabta ne da bandaki da kwashe shara.

Na baya-bayan nan kowa ya sani. A 2014 lokacin Ebola an hana Gini da Laberiya da Saliyo biza, mu aka bar mu muka je duk da cutar ta shigo Legas da Fatakwal sabida an shawo kanta da wuri. A 2020 korona ta sa mutum wajen 1,000 kacal suka yi Hajji, 2021 aka bar 60,000 duk mazauna ƙasar, sai 2023 aka koma sama da miliyan 1.8.

Amma in gaskiya za a bi, a 'yan shekarun nan ba cuta mai yaɗuwa ce tafi kashe alhazai ba. Turmutsitsi ne da zafi.

Ranar 24 ga Satumban 2015, ranar Sallah da safe, a mahaɗar titi mai lamba 204 da 223 a Mina, ayarin mutane biyu suka yi karo a hanyar zuwa jifa. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, amma da kamfanonin labarai suka tattara alƙaluman da ƙasashe suka fitar ɗaya bayan ɗaya sai lissafin ya haura 2,400. 'Yan Najeriya sama da 270 ne a ciki, har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin, da Mai shari'a Abubakar Abdulƙadir Jega, da Sarkin Zing wanda shi ne Amirul Hajjin Taraba, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Mali da Kamaru da Nijar su ma sun yi rashi sosai. Na jero sunayen nan ne da gangan sabida a lokacin akwai masu cewa wai jahilcin alhazan Afirka ne da rashin bin doka, maganar da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Farfesa da alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ne jahilan? Abun da mutane basu gane ba shi ne idan cunkoso ya kai mutum 6 ko 7 a cikin murabba'in mita ɗaya, ba wanda yake da iko da ƙafarsa kuma, taron ne yake tafiya da kai, na baya bai san na gaba ya tsaya ba yana ta matsowa, kuma yawancin waɗanda ke mutuwa ba tattake su ake yi ba, a tsaye suke mutuwa, ƙirji ya matse huhu ya kasa buɗewa. Hankali ko ilimi ba sa fitar da kai a nan. Abun da ke hana shi aukuwa tun farko shi ne tsari, wato kar a bari hanyar shiga da ta fita su haɗu, kar a toshe hanya ba sanarwa, kuma a saki mutane rukuni-rukuni.

Kusan duk wani gini da ka gani a Mina sai da aka yi asarar rayuka kafin a yi shi. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim. A 1997 gobara ta tashi a tantuna ta ci sama da 340, shi ne aka kawo tantunan da wuta bata kamawa aka kuma hana girki da risho da gas a ciki (har yanzu akwai masu ɓoye hita a jaka dan dafa shayi da dama kunu, mun san juna). A 2004 mutum 251 wajen jifa, a Janairun 2006 wasu 346, daga nan aka rushe tsohuwar gadar Jamrat aka gina mai hawa-hawa, ginshiƙan da ake jifa kuwa tun bayan Hajjin 2004 aka maida su dogayen bango yadda ba sai kowa ya dunƙule wuri ɗaya ba, ka shiga ta nan ka fita ta can ba komowa. A 2010 jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa ya fara aiki. Sannan aka raba wa kowane tanti lokacin jifansa. Wannan jadawalin shi ne namu ɓangaren, kuma shi ne muke karyawa, wani sai ya ce shi sai bayan zawali daidai zai yi jifa ko ana ha maza ha mata, ya ja tsohuwar mahaifiyarsa a hannu. Alhali malamai sun yi bayani har sun gaji, mai rauni zai iya wakilta wani, akwai yalwar lokaci har dare, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa masu rauni izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoso, yana saukowa daga Arfa yana cewa mutane su bi a hankali cikin natsuwa.

Sai zafi. Hajjin 2024 ya faɗo tsakiyar watan Yuni, ma'aunin zafi a Makka ya kai 51.8, ministan lafiyar Saudiyya ya fito ya ce mutum 1,301 suka rasu kuma kashi 83 cikin 100 basu da izinin Hajji. Wannan kashi 83 ɗin shi ne gaba ɗaya labarin. Mutum ya shigo da bizar ziyara wani ejan ya karɓi kuɗinsa ya ce kar ka damu akwai hanya, ranar Arfa bashi da tanti mai sanyi, bashi da mota, bazai hau jirgin ƙasa ba, yana gudun askarawa yana bin bayan duwatsu a ƙafa, in jiri ya ɗebe shi ma tsoron zuwa asibiti yake kar a kama shi. Mafi yawansu 'yan Masar ne, har gwamnatinsu ta ƙwace lasisin kamfanoni 16, Tunisiya kuma ta kori ministan harkokin addini. Amma kar mu yi kamar abun bai shafe mu ba, mu ma muna da masu irin wannan harka, kuma yadda kujera ke tsada ɗin nan ƙaruwa zasu yi. A 2025 Saudiyya ta tsananta, tarar riyal 20,000 ga wanda aka kama ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, aka hana zuwa da ƙananan yara, aka ce alhazai su zauna cikin tanti a Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ni dai ina goyon bayan wannan, duk da ina jin tausayin talakan da ya tara kuɗi shekara da shekaru kuɗin suka kasa kai wa kujerar hukuma. Tausayin ne ma ya sa nake goyon baya.

Bahaushe yana da wani alfahari na cewa ai mu 'yan rana ne, wanda ya yi noma a Sakkwato ko Maiduguri wace rana zata ba shi tsoro. A gida kana da gindin bishiya, kana da randa, ka san lokacin da zaka tashi daga gona. Can kuwa kwana biyar ne a jere ba barcin kirki, kai a buɗe cikin harami, tafiyar kilomitoci kan kwalta sabida tantunanmu suna da nisa da Jamrat, ga jikin mutane na ƙara zafi. Kuma abun da na lura da shi, musamman wajen iyayenmu mata, da gangan suke ƙin shan ruwa dan kar fitsari ya kama su su bi dogon layin bandaki ko alwala ta karye. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Idan ka ga wanda kuke tare ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, ko jikinsa ya yi zafi rau, kar ka tsaya cewa aljanu ne ko gajiya ce, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa sharkaf a yi ta fifita a kira ma'aikatan lafiya, mintuna ne tsakaninsa da mutuwa. Lema kuma ba ƙarya ce ko gayu ba, ta halatta ga mai harami tunda bata manne da kai ba. Masu ciwon suga su kuma tasu matsalar ƙafa ce, silifas ya ɓace a Harami mutum ya taka ƙasa da rana, ƙafar bata jin zafi sabida jijiyoyin sun mutu, sai ya dawo masauki a ga tafin ya sale. Ga allurar insulin da zafi ke lalatawa in ba a adana ta da sanyi ba. Sauƙin da ake samu shi ne Hajji yana matsowa da kwana 11 duk shekara, yana fita daga tsakiyar bazara a hankali, amma Makka ko a watan Mayu ba wasa bace.

Toh yanzu ga inda nafi jin ciwo, tantancewar lafiya a gida. Saudiyya ta faɗa ƙarara cewa kar a kawo mai wankin ƙoda, da mai ciwon zuciya mai tsanani, da wanda sai da iskar oksijin yake numfashi, da wanda hantarsa ta lalace, da tsohon da ya rikice, da mai tsohon ciki, da mai tarin fuka da bai warke ba, da mai kansa da ke kan magani mai ƙarfi. Mu kuma me muke yi? Mai ciki ta karɓi fitsarin ƙawarta ta kai gwaji. Mai hawan jini ya sha magani ninki biyu ranar awo. 'Ya'ya su san sarai mahaifinsu baya gane hanyar masallacin unguwa amma su biya masa su haɗa shi da maƙwabci wai ya riƙa kula da shi, maƙwabcin da shi ma bai taɓa shiga jirgi ba. Likitan da ya ce a'a kuma ya zama maƙiyin Allah, a kai ƙararsa wajen wani babba a bugo waya. Daga 2023 zuwa 2025 Najeriya kujera 95,000 aka riƙa ware mata, hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi suna tafiya da tawagar likitoci, amma likita nawa ne zai iya da dubban mutanen da suka ɓoye masa gaskiya tun daga gida?

In ka yi magana sai a ce maka ai mutuwa a can dace ne, wa zai ƙi a yi masa sallah a Harami. Na'am, wanda ajalinsa ya riske shi a can muna masa kyakkyawan zato. Amma Hajji ga wanda ya samu iko aka wajabta shi, kuma lafiya tana cikin iko, wanda bazai iya ba har abada ana iya yi masa. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya ji labarin annoba ya juya da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan mai tarin fuka da ya ɓoye ba kansa kaɗai ya saka a haɗari ba, a Mina katifa na jikin katifa, mutum da yawa ke shaƙar abun da ya fitar har kwana uku ko huɗu.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a cika faɗa ba. Aski ranar Sallah, mutane sun gaji suna son cire harami, sai ka ga an yi layi gaban wani a bakin titi da reza ɗaya yana bi kai bayan kai, jini na tsattsafowa, ga hanyar ciwon hanta nan a buɗe, alhali akwai shagunan aski masu lasisi da ke canza reza ga kowane mutum. Abincin da 'yan uwanmu mazauna can ke sayarwa a gefen masauki, wallahi na san daɗin ganin tuwo da miyar kuka bayan kwanaki kana fama da shinkafa da kaza, amma in ya wuni a rana cikin roba gudawa ce zalla. Hadaya kuwa tun 1983 aka kawo tsarin biya ta banki a yanka a mayanka ta zamani a daskarar da naman a raba wa mabuƙata a ƙasashe, kafin nan gawarwakin dabbobi ne ke ruɓewa a Mina. Sai masu zuwa ɗaukar hoto da raƙuma da shan ɗanyen nononsu, alhali cutar numfashi ta MERS da aka gano a Jidda a 2012 daga raƙuma take tsallakowa.

Wani lokacin in ina wannan tunanin sai in tuna namu tarukan na gida, mauludi da wa'azin ƙasa da hawan Sallah da gangamin siyasa da rabon kayan azumi, ƙofa ɗaya, ba ruwan sha, ba motar asibiti, ba wanda ya ƙirga mutum nawa filin zai ɗauka. A Disambar 2024 cikin 'yan kwanaki yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija, 10 a Abuja, duk wajen rabon kaya. Wannan maganar wata rana ce, tana da tsawo.

Abu na ƙarshe da ban taɓa jin an yi bitarsa ba shi ne dawowa. Alhaji ya sauka da tarin nan da kusan kowa ke dawowa da shi, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, a rungume shi, a miƙo masa jarirai ya yi musu addu'a, kofi ɗaya na zamzam ya zagaye mutum talatin. Yawanci mura ce kawai zata wuce. Amma in zazzaɓi ya haɗu da tari ko numfashi na sarƙewa, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, cikin sati biyun farko, ko shi alhajin ko wani a gidan, ba kemis za a je a haɗo magani ba, asibiti za a je kuma a buɗe baki a gaya wa likita cewa daga Saudiyya aka dawo, dan shi likitan ba lallai ya tambaya ba. Tarin da ya wuce sati biyu kuma a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yinsa a asibitocin gwamnati.